Mai Ci a Teburin Sarki Bakwai da Ganyen Ayaba

A duk baƙin da iskar teku ta taɓa kawowa Kalikut, babu kamar Khwaja Burhan na Nishapur. Rawaninsa kan riga shi shiga ɗaki. Littafi yake rubutawa kan abincin duniya, kuma cikin adalci bai bar garin da bai kushe abincinsa ba. Mutanen gidanmu suka sa masa Harshen Duniya. A bakin kakata na ji labarin, ita ma gadonsa ta yi.

Kakanmu na can baya, Mammali mai sayar da masoro, shi ya gayyace shi. Ƙarshen damina ne, shinkafar gidan saura tukunya ɗaya. Matarsa Kunjamina ta dafe ta duka, da miyar kifi da kwakwa.

A garinmu a kan ganyen ayaba ake cin abinci, kuma kowa ya san baƙo in ya ƙoshi ninke ganyen ayabarsa yake yi. In tukunya ta ƙare ganye na buɗe, gidan ya kunyata har jikoki. Mammali ya so ya yi masa bayani.

"Haba ɗan'uwa," in ji Khwaja, "ni da na ci da sarki bakwai za a koya wa zaman cin abinci?"

A garinsu barin loma cin mutuncin mai gida ne. Ya cinye zubin farko yana yamutsa fuska.

"A Nishapur jaki ma a kan akushi yake ci."

Aka ƙara. Ya share. Aka ƙara. Gumi ya jiƙa rawanin, ya sassauta ɗamara, amma tambaya ta fi ƙarfin malami irinsa.

Kunjamina ta ja mijinta bayan ƙofa. "Maigida, ƙanzo nake kankarowa. Mutum ka kawo mini ko rijiya?"

"Yi haƙuri, masani ne."

"To ya san ninke ganye mana."

Ludayi na ƙarshe ta cika shi da masoro, ta zuba. Khwaja ya haɗiye, idanunsa suka kawo ruwa. Ya shiga laluben mafici bai samu ba, sai ya fizgi ganyen, ya ninke shi biyu, ya hau fifita harshe.

"Alhamdulillahi, baƙo ya ƙoshi," in ji Mammali.

'Yan dakon masoro huɗu suka kai shi jirgi a kan kafaɗa. An ce a littafinsa ya rubuta cewa mutanen Kalikut marowata ne, ɗanɗanawa kawai ya yi. Gidanmu kuwa kwana tara ana cin dafaffiyar ayaba.