Sheƙa a Saman Huhun Goro

"Lafiya lau, 'yar tsohuwa ta gidana. Ya zafi?"

"Da sauƙi kafin ka iso. Ina gorar?"

Hajiya Asama'u mai goro ce ke tambaya daga kan bencinta, a ƙofar shagonta da ke Agege a Legas, kusa da layin dogo. Tun hantsi ta aiki jikanta Khamisu, wanda ya zo ci-rani daga Kazaure, ya samo mata doguwar gora. Wata tsattsewa ce ta kwaɓa laka ta manna sheƙa a jikin rufi, daidai saman huhunan goro, tana ta 'yan waƙe-waƙenta tana yi wa goro ado da kashi. Jiya wata mai saye daga Isolo ta dawo da kwando guda tana toshe hanci, Hajiya ta kwana da takaici. Sai ga ɗan aike bayan azahar, da tsohon kwalin taliya a hammata.

"Gora na ce, ko kunnen ma a ƙauye ka baro shi?"

"Kwali ya fi. In ɗaura shi ƙarƙashin sheƙar ya tare kashin, kowa ya huta."

"Au, masai za ka gina mata a shagona? Haɗa mata da buta mana, oga!"

"Ke da haƙora suka ƙare, me ya dame ki da goro?"

"Da goron nan aka yi wa uwarka gara, mara kunya."

"Akwai ƙwai a ciki fa, na leƙa."

"To soya mini su."

"Haba Hajiya! 'Yar'uwata ce, 'yar ci-rani. In rani ya yi ƙwari suka ƙare a Arewa, sai su gangaro kudu. Ruwan fari na sauka za ta juya. Tare ma za mu koma."

"Ita ma a bayan motar shanu, irinka?"

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, haushi kamar ta rufe shi da duka.

"Kai dai Allah ya ba ka tsawo ya rage maka kai. Ka taɓa ganin ɗan ci-rani ya kwaɓa ƙasa? Me ka gina tun zuwanka? Tabarmar ma tawa ce. Masu wucewa a kan wayar lantarki suke kwana, su yi gaba. Duk wadda ta ɗauko laka a baki har ta zuba ƙwai, ta zauna ke nan. Babu inda za ta!"

Khamisu ya sosa ƙeya. "Ashe haka ne. To shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Innata ta ce ke ma rani ɗaya kika zo yi da mijinki marigayi Malam, sarin goro. Ko ƙullin kayanki kin ƙi kwancewa, wai ruwan fari na sauka za ki koma. Ga shi har ni an haifa, ana ta ruwa."

Maganar ta soki Hajiya, don ta manta rabonta da Kazaure, Malam kuma a nan Agege yake kwance. Ta ɗaga kai, daidai tsattsewar ta shigo fir ta lafe a kan ƙwanta. Dariya ta ƙwace mata. Ta zaro farin goro ta jefe shi da shi.

"Ɗan banza. Hau ka ɗaura kwalin. Amma ka faɗa mata tun yanzu, kada ta ce ban gaya mata ba: 'ya'yan nan in ta ƙyanƙyashe su, da Yarbanci za su yi mata kuka."