Ranar da Aka Zaunar da Aminu a Ɗakin Gilashi

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na naɗa kaina malamin wasan da ban taɓa ganin an buga shi daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma a gaban mahaifiyata da rabin danginmu.

Yayana Sani ya tafi Finland karatu tun ina firamare, ya yi aure a can, ya haifi Aminu. Sau biyu kacal aka taɓa kawo yaron gidanmu na Rano, amma Hajiya, mahaifiyarmu, kullum zancenta "maigidana na ƙasar sanyi". Aminu ƙwallon gora ta kan ƙanƙara yake bugawa, wadda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa ana sulu, ana korar wani ɗan baƙin faifai da sanda. Mai tsaron baya ne. Ya fara tun yana shekara biyar, yana da sha tara ƙungiyar garinsu ta ɗaga shi cikin manya don gwaji, ta kuma miƙa masa takardar aiki. Sai dai in ya sa hannu, dole ya jingine jami'a.

Yaron nan ya ce ba zai sa hannu ba sai kakarsa ta sa albarka. Hajiya kuwa ta kafe.

"In sanda yake so ya riƙe," in ji ta, "ga shanun ƙanena can a Fammar suna neman makiyayi."

Da ƙyar na shawo kanta ta yarda za ta kalli wasa ɗaya kafin ta yanke magana. Na yi mata alkawarin zan fassara mata komai. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Kibiya, kuma na taɓa nuna wa ɗalibai Finland a taswira, don haka a ganina babu wanda ya fi ni cancanta. Shirin da na yi shi ne kallon gajerun bidiyo biyu (na biyun ma gyangyaɗi ya kwashe ni a tsakiyarsa).

Ranar, bayan la'asar, na fito da talabijin tsakar gida na haɗa da wayata. Hajiya ta gayyato ƙanenta Kawu Bala daga Fammar, maƙwabta mata suka cika tabarmi biyu. Ni kuma na sa babbar riga, na tsaya a gefen talabijin da rula a hannu.

Aka fara. Gaskiya ban ga faifan ba ko sau ɗaya, mutane kawai nake gani suna wucewa fuu. Lamba shida a farar riga nake bi, ita ce ta Aminu. Kuma yaron ya iya, ba don ɗanmu ne ba. Yana gudu da baya kamar yana da ido a ƙeya, ƙato ya taho a guje ya tare shi ya manna shi da bango. Kawu Bala ya gyara hula ya ce, "Wannan ƙafa tamu ce." Kaina ya ƙara girma.

Can sai wani mai jar riga ya kuɓuce ya nufi ragar su Aminu. Aminu ya miƙa sanda, mutumin ya faɗi ya yi ta sulu da ciki. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, ya busa usur, ya nuna Aminu. Sai ga wani dattijo ya buɗe ƙofar wani ɗan ɗaki na gilashi, Aminu ya shiga ya zauna shi kaɗai. Ga gorar ruwa, ga tawul. Kyamara ta matso dab da fuskarsa, sunansa ya fito a ƙasa, har da sunan kakanmu.

Hajiya ta ce, "Auta, me ya faru?"

Nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Amma mutum da babbar riga da rula ba ya cewa bai sani ba.

"Hajiya, karrama shi aka yi. Wannan ɗaki na gwanaye ne. Duk wanda ya yi bajinta, alƙali yakan tsayar da wasa a kai shi ya huta a gaban jama'a. Ba ku ga har ƙofa aka buɗe masa ba? Dattijo ne fa ya buɗe."

Har na ƙara da cewa ihun da 'yan kallo suke yi kirari ne. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuma, da yake tawa tana haɗe da talabijin, na ari wayar Kawu na ɗauki bidiyo na tura wa Yaya Sani, wanda yake cikin filin a lokacin, da saƙon murya mai cewa duk Rano tana taya shi murna.

Ba a yi minti guda ba masu jar riga suka ci. Aka buɗe wa Aminu ƙofa ya fito, kansa a sunkuye. Na yi maza na ce, "Kun gani ko? Daga ya tafi hutu har an ci su."

Ana tafiya hutun tsakiyar wasa Yaya Sani ya kira. Ni da kaina na sa wayar a sifika, don kowa ya ji godiyarsa.

"Auta, guɗar me kuke yi?"

"Ta karramawar Aminu mana."

Na ji yana gaya wa matarsa wani abu da yarensu, sai dariyarta ta cika mana tsakar gida. Ya ce, "Wannan ɗakin masu laifi ne. Ƙafar mutum ya harɗe da sanda, aka kore shi na minti biyu. Saboda rashinsa ne ma aka ci su."

Na rasa inda zan sa rular. Kawu Bala ya shiga tari na ƙarya. Kunyar kaina ba ta dame ni kamar abin da na jawo wa yaron ba: na kawo Hajiya ta ga darajar jikanta, ta ƙare da kallonsa a gidan yari, kuma yanzu duk abin da na faɗa mata a kan wasan ya zama abin zargi.

Hajiya ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne.

"Kai. Laifin, shi ya yi?"

"Shi ya yi, Hajiya."

"Da aka ce ya je ya zauna, ya yi musu?"

"Bai yi ba."

"Na gani da idona. Ga sanda a hannunsa, ga ƙarfi, wani siririn mutum ya nuna masa ƙofa ya tafi ya zauna, ko harara babu. Ka gaya wa maigidana ya sa hannu. Allah Ya yi masa albarka."

Ta dawo mini da wayar ta ce, "Kai kuwa, shekara talatin da biyar ina nuna maka wajen zama in ka yi laifi, ba ka taɓa zama ba."

Aminu ya sa hannu a wannan makon. Yau shekararsa uku cikin manya, kuma Yaya ya ce duk sanda wasa ya yi zafi shi ake turawa ya tsare gida. Ina alfahari da shi ƙwarai, ina ma gaya wa ɗalibaina, amma yanzu in an tambaye ni abin da ban sani ba, har na iya cewa bari in kira Yaya. Hajiya ba ta barin wasansa ya wuce ta, ta fi ni gane dokokin nesa ba kusa ba. Duk sanda aka buɗe wa wani ƙofar gilashin nan, sai ta waiwayo ta ce, "Auta, tashi ka yi tafi, an karrama wani."