Kifin Roba a Ƙauyen Mahaifina

Ranar Asabar na tuƙa mota awa huɗu a sabuwar hanyar bakin teku, na kusa dawowa ziƙau. Kifi ɗaya tak na je nema. Washegari mahaifina ke cika shekara uku da rasuwa, Inna kuma ta kafe: busasshen kifin da za a ɗora masa a teburin tunawa da mamaci, kamar yadda al'adarmu take, sai wanda iskar ƙauyensu ta busar.

Hanya kam, a jinjina wa Mai Girma Sarkin Ƙawata Gaɓa, jami'in da ya gyara bakin tekun don 'yan yawon buɗe ido. Kwalta sumul, kowane ƙaramin gari da dandalin ɗaukar hoto, ko banɗakin sai ka cire takalmi.

Muna shiga ƙauyen, matata Sun-rye ta yi tsalle a kujera. "Baban Da-som, ga su can!" Kifi ne jere a igiya, reras, suna lilo. Na fita da sauri na kama ɗaya. Roba!

Wata tsohuwa, Bok-nam, tana zaune a gindin igiyar ta yi tagumi. Na gaishe ta, na ce, "Iya, ina na gaskiyar?"

"Ɗan nan, daga ina ka faɗo? An hana shanya tun bara. Wai ƙarni yana korar baƙi."

"To waɗannan fa?"

"Wai baƙin suna son ganin al'ada." Ta yi tsaki. "Shekara hamsin ina shanya kifi a nan. Yanzu aikina in goge musu ƙura da tsumma. Har hular aiki suka ba ni."

Gari biyar muka bi, duk kanwar ja ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ƙarshe a babban kanti na saya, cikin leda, wanda inji ya busar a wata ƙasa.

Inna ta shinshina shi. Ta ɗora a tebur, ta durƙusa gaban hoton Baba, ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri ka ci haka. Garinku yanzu na kallo ne." Ban iya ɗaga kai ba.

Na ji an ba Mai Girma lambar yabo kan wannan aiki. Ya cancanta. In tasa ta zo, 'ya'yansa kada su wahalar da kansu: Iya Bok-nam za ta goge musu na roba ɗaya tas.