Yadda Za Ka Ɓata Sunan Yaron da Kake So Kafin Ranar Zaɓe

Zauna ka natsu, ɗalibi. Idan ka bi matakan nan bi da bi, ba gaggawa, na ba ka tabbacin yaron da ka ƙwallafa wa rai zai kai ranar zaɓe babu ƙungiyar da ke gabanka da za ta ko kalle shi. Na daɗe ina koyarwa a firamaren Otter Coulee, ban taɓa ba da darasin da ba a gwada ba.

Wanda za mu koya a kansa shi ne Orest Zarichny, dattijon da ke farauto wa Kuregu 'yan wasa. Kuregu ita ce ƙungiyar hokin ƙanƙara ta matasan garinmu, wasan da ake kora ɗan faifan roba da sanda a kan ƙanƙara zuwa raga. Matar Orest ta rasu, gida ya rage daga shi sai 'yarsa Halyna sai jikansa Levko, ɗan shekara goma sha biyar, wanda duk lardin babu ɗan baya irinsa. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Gaban layin zaɓe suka rasa. Ka san ƙa'ida: ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓen yaro, sai mai bi mata, kuma garin da ya zaɓi yaro can zai koma da zama. Kuregu su ne na takwas. Idan ɗaya daga cikin bakwai ɗin farko ta kira sunan Levko, kujerarsa ta teburin cin abinci ta zama fanko.

Mataki na ɗaya: Fara shan kashi tun bara

Na san lokacin wannan ya wuce ka, amma yana da kyau ka san inda ka yi kuskure. Ƙungiya mai hangen nesa ba ta cin wasa sai da dalili.

Kuregu sun yi iya ƙoƙarinsu. Manajansu, Wendell Kroeker, ya musanya duk wani yaro mai amfani da yaran da ke faɗuwa tun ana taken ƙasa. Gola kaɗai ya manta, wani yaro mai taurin kai wanda ba ya gane hannunka mai sanda.

"Yaro, ba fa kowane faifai ake tarewa ba," in ji koci.

"To in yi yaya da shi, koci?"

"Ka gaishe shi, ya wuce."

Gola ya ɗauka wasa ake masa, ya ci gaba da tarewa da hannu da ƙafa da goshi. Haka Kuregu suka yi ta cin wasannin da ba su nufa ba, 'yan kallo na fita daga fili rai a ɓace, har aka ƙare a na takwas. Ka kula da golanka.

Mataki na biyu: Auna yaro, amma kada ka kalli wasa

Wasa yana ruɗa ido. Kowa na iya jefa faifai a raga. Kai abin da kake nema shi ne mutumin da yaron zai zama nan gaba, kuma wannan ba a kan ƙanƙara yake ba.

Nemo mahaifiyarsa a cikin 'yan kallo. Idan tana sunkuyawa saboda tsawo kafin ta shiga ƙofa, ka samu. Dubi takalminsa da ya bari a ɗakin shiri: ƙafa ce ke fara isa, jiki ya biyo ta daga baya. Sannan jira ya faɗi. Idan ya harari ƙanƙara kamar laifinta ne, ɗan gaba ne. Idan ya waiga neman wanda ya ture shi, ɗan baya ne. Idan ya waiga neman mahaifiyarsa, bar wa wata ƙungiya.

Orest yana da nasa ma'auni. Bayan wasa sai ya ajiye wa yaro faranti cike da perogi, 'yan ƙullin fulawan nan masu dankali da cuku a ciki, ya koma gefe ya ga inda zai tsaya. Yaron da ya ce ya ƙoshi ya gama tsayi. Levko kuwa tun da aka yaye shi bai taɓa furta kalmar ba. Duk ma'aunin da kakansa ya ɗora shi sai ya rinjaya, kuma wannan ita ce masifar.

Mataki na uku: Je kusurwar mafarauta ka fara aiki

Can saman benci za ka same su, a lungu, cikin baƙaƙen riguna, kowa riƙe da kofi, kowa na nuna kamar hanya ce ta biyo da shi. Zauna a tsakiyarsu. Kada ka fara magana, bari a tambaye ka.

"Dattijo, wancan mai lamba huɗu ba jikanka ba ne?" in ji wani matashin mafarauci.

"Haka aka ce mini," in ji Orest, ya yi ajiyar zuciya. "Dubi gudunsa, don Allah. Kamar saniya ɗauke da firij."

Bai rufe baki ba Levko ya kwashi faifai daga bayan ragarsu, ya ratsa mutum uku, ya ɗirka shi a raga. Fili ya kaure da ihu.

A irin wannan lokaci kada ka tashi tsaye. Kada idonka ya kawo ruwa. Idan ya kawo, ka ce kofi ne ya ƙona ka.

"Kash," in ji Orest. "Alƙalin wasa yaron ya auna, ya kuskure."

Matasan suka gyaɗa kai, suna tausaya masa. Mutum ɗaya ne bai gyaɗa kai ba, wani tsoho mai suna Fergus Tait, mafaraucin ƙungiyar Port Sorrel da ke can bakin teku, tafiyar kwana biyu a bas. Donot ɗinsa, soyayyen burodin nan mai sukari, kawai yake ci. Orest bai damu da shi ba, domin Port Sorrel ce ta tara, bayan Kuregu take. Wanda ke bayanka a layi ba abin tsoro ba ne. Rubuta wannan da fensir, za mu dawo kansa.

Mataki na huɗu: Ƙara gishiri kaɗan-kaɗan

Kada ka juye ƙarya gaba ɗaya. Kowane mako ka ba su guda, ƙarama, ka faɗe ta kamar suɓutar baki ce.

Orest ya fara da gwiwa. Mako na gaba ya ce yaron ba ya son sanyi. Daga nan ya fito da babbar: Levko na amai a bas. Ka san rabin rayuwar ɗan hoki a bas take, babu kocin da zai so ya ƙetare lardi da taga a buɗe. Ya kuma saya wa yaron riga mai girman tanti, don a gan shi a ciki kamar ɗan tsako.

Za ka gane aikinka ya nuna idan labarin ya zagayo ya same ka ya yi ƙiba. Kafin ƙanƙara ta narke, wani baƙo a gidan mai ya gaya wa Orest a asirce cewa jikan Zarichny ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma a gaskiya shekararsa ashirin da biyar, yana da mata a birnin Regina. Orest ya dawo gida yana ɗan duban ƙafafun yaron ta ƙarƙashin tebur.

Mataki na biyar: Kada ka gaya wa kowa

Kada ka gaya wa manajanka. Wendell mutumin kirki ne, amma duk abin da ya ji da safe, mai askinsa ya ji kafin rana ta take. Kada ka gaya wa yaron ma, fuskar yara ba ta riƙe sirri.

Sai dai ka shirya, maganar za ta iske shi. Wata rana Halyna ta ajiye faranti, Levko ya ture shi gefe. Wannan bai taɓa faruwa ba a gidan.

"Gido," ya ce, don haka yake kiran kakansa, "da gaske kai ka ce ina gudu kamar saniya?"

"Ci abincinka."

"Ɗauke da firij?"

"Tato, me ka aikata?" in ji Halyna ga mahaifinta, ludayi a hannu.

Orest ya buɗe baki. Gaskiyar ta zo har kan harshensa, ya haɗiye ta da ruwa. "Mutane ba sa rasa abin faɗa," ya ce.

Daga ranar Levko ya daina shiga motar kakansa, ya koma bin maƙwabta zuwa fili. Ya kuma shiga sammako yana gyaran gudunsa shi kaɗai, har ya ƙara sauri, abin da ya tilasta wa Orest ƙaro sababbin ƙarairayi. Da yamma sai su zauna a tebur ɗaya, wanda dominsa ake duk wannan wahala, babu mai ce wa wani miƙo gishiri.

A wannan mataki za ka riƙa jin wani nauyi a ƙirji. Kada ka damu. Tsiran alade ne da ka ci ya tsaya maka.

Mataki na shida: Ranar zaɓe, zauna ka girbi abin da ka shuka

An taru a babban zauren wani otal a birni, kowace ƙungiya da teburinta. Ta farko ta kira sunan wani yaro. Ta biyu ma haka. Ta uku har da satar kallon Orest cikin tausayi. Da ta bakwai ta wuce, Orest ya ji kamar ya hau tebur ya taka rawa. Ya riga ya shirya abin da zai gaya wa Levko a waya, da irin dariyar da za su yi.

Wendell ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya kira sunan wani yaro daga kudu mai manyan kunnuwa.

"Wendell!" Orest ya damƙo hannunsa. "Levko fa?"

"Haba, Orest." Wendell ya dafa kafaɗarsa a hankali. "Ai ba zan kunyata ka a gaban gari ba. Yaro mai amai a bas? Ga mata a Regina?"

"Wa ya gaya maka wannan shirme?"

"Mai askina. Ya ce daga bakinka ta fito."

Kafin Orest ya sami numfashi, Fergus Tait ya tashi daga tebur na tara, ya karkaɗe sukarin da ke gemunsa, ya ce, "Port Sorrel ta ɗauki Levko Zarichny."

Yanzu ɗauko abin goge fensir, ka koma ƙarshen mataki na uku.

Orest ya tare Fergus a bakin ƙofa. "Kai tsohon banza, ba ka ji abin da na ce a kan yaron ba ne?"

"Na ji sarai," in ji Fergus. "Tun muna da gashi a ka nake zama kusa da kai. Duk yaron da ba shi da amfani sai ka ce yaro ne mai ladabi. Matarka ma, Allah ya jiƙanta, ranar da ka fara ganinta cewa ka yi hancinta kamar dankali. Wata nawa aka yi aka ɗaura aure? Ina jin ka ce firij na je na yi waya gida, na ce a gyara masa ɗaki."

Mataki na bakwai: Kai shi tasha da kanka

Babu dabara a wannan mataki. Mai kawai za ka zuba a mota.

Ana cikin yankan alkama lokacin tafiya ya yi. Levko ya fito da jakarsa da sandunansa, ya wuce motar maƙwabta, ya buɗe ta kakansa ya zauna. Ashe Fergus ya kira shi a waya, ya ba shi labarin hancin kakarsa. Orest ya tayar da mota, suka nufi tasha.

Halyna ta rungume ɗanta, ta koma mota tana share ido. Orest ya tsaya yana duban tayar bas kamar shi zai saye ta.

"Gido."

"Mene ne?"

"Peroginka babu daɗi. Na daɗe ina son in gaya maka. Tuƙinka ma abin tsoro ne. Ko kaɗan ba zan yi kewarka ba."

Orest ya ɗaga kai ya dube shi.

"Tafi can, saniya kawai," ya ce. "Ka zauna a gaba, kada ka yi wa bayin Allah amai."

Sai ya zagaya bayan mota, ya jawo wani ƙaton akwatin sanyi da ya kwana biyu yana cika shi da perogi, ya ɗora wa yaron a kafaɗa. Levko ya nufi ƙofar bas a karkace, yana tangaɗi, sanduna na zamewa. Wata mata da ke layi ta taɓa mijinta ta ce, "Kai, dubi yaron can, wallahi kamar..."

"Jikana ne," in ji Orest da ƙarfi, har direba ya waigo. "Duk lardin nan babu irinsa."

Wannan kuskure ne babba, kada ka kwaikaya. Sa'arsa ɗaya babu mafarauci a tashar.

Sanarwa

Na yi maka alkawarin ƙungiyoyin da ke gabanka ba za su kalli yaronka ba, kuma bakwai ba su kalle shi ba, har na ƙara maka da taka kyauta. Saboda haka na fita hakkinka. Ba ruwana da kujerar da ta zama fanko, ba ruwana da tuƙin kwana biyu zuwa bakin teku, wanda Orest ke yi duk wata yana cewa kifi ya je saye. Idan kana da ƙorafi, kai wa golan nan.

Levko ya zo hutun Kirsimeti, ya biyo ta gidana ya gaishe ni, ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Na tambaye shi, yadda na saba tambayar ɗalibaina a ƙarshen darasi, me ya fahimta.

"Malama," ya ce, "Gido bai iya cewa kada ka tafi ba. Shi ya sa ya ce saniya."