Yadda Za Ka Ɗora wa Gabas Laifin Lalacewar Gonar Surukinka

Surukinka ya ba ka aron gonarsa ka noma sanfulawa, furen nan da ake matse mai daga 'ya'yansa. Sharaɗin ɗaya ne: in ta yi kyau gona ta zama taka, in ba ta yi ba ya karɓe abarsa. Kai kuwa a bencin mai shayi ka ƙare daminar. Yanzu ciyawa ta kai ƙugu, kawunan furen ba su fi murfin kwalba ba, ga tsohon zai zo dubawa gobe. Kwantar da hankalinka. Wanda ya bi matakan nan ba ya faɗuwa.

1. Riga shi ɓata rai

Tsaya a bakin gona kana girgiza kai, kana ajiyar zuciya. Ba a yi wa wanda ya fi mai gona baƙin ciki faɗa.

2. Nemo gabas

Sanfulawa tana bin rana tun tana ƙarama, in ta girma sai ta kafe tana kallon gabas. Wannan ce kaɗai gaskiyar da za ka faɗa ranar, saboda haka ja ta da tsawo.

3. Kama layukan shuka da laifi

In sun miƙe daga gabas zuwa yamma, ce kowane fure ya tare wa ɗan'uwansa hantsi. In kudu da arewa suka bi, ce wannan layi ya yi wa wancan inuwa. Ko ta ina aka ɓullo, ka tsira.

4. In ya nuna ciyawa

Ce, "Baba, da gangan na bar ta, tana riƙe danshi." Kada ka kuskura ka haɗa ido da matarka, ita ta san inda fartanyarka take tsatsa.

5. Nemo mai laifi

Laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Gyara murya ka ce, "Baba, ku duba fa. Duk wanda ya ja layukan nan bai san gabas ba, bai san yamma ba."

Tsohon zai tuge ciyawa ɗaya yana jujjuya ta a hannu.

"Ni na ja su," zai ce. "Da igiya, ni da 'yata, ranar da ka aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da kai."

Hattara: mai wannan rubutu ba shi da hannu a abin da zai biyo baya. In tsohon ya damƙa wa matarka gonar, ya naɗa ka mai korar tsuntsaye, kada ka zo ƙofata. Ni ma gwangwanin korar tsuntsayen nake kaɗawa, shekara uku ke nan.