Sha Takwas ɗin da Ta Ci Ragon Kawu

A jami'a a Yamai, malamin darasin rubuta manhajar kwamfuta ya raba mana takardar ƙa'idojin ba da maki. Ni kuwa, gwani, na naɗe ƙosai da ita. Wa zai koya mini maki? Tun ina firamare a Filinge, komai bisa ashirin ake yi.

Sakamako ya fito, na ga sha takwas gaban sunana. Sha takwas! Na faɗa mota sai gida. Kawu Idi ya kayar da ragonsa na Layya, ya gayyato har dangin Bonkuku. Inna na rangaɗa guɗa, ni ina bayanin yadda kwamfuta ke tsorona.

Ana cikin cin nama na kira abokin karatuna Sani, na buɗe muryar waya don kowa ya ji ratar da na ba shi.

"Saba'in na samu," in ji Sani. "Ai malamin ga bisa ɗari shika yi."

Kawu ya daɗe yana kallon ƙashin da ke hannunsa.

Har yau in na yi sallama, sai ya ɗaga murya: "Ku ɓoye awaki, ga Sha Takwas nan!"