Kaset ɗin Baba Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a makarantar da nake koyarwa a Birnin Gwari ba, ko da na so in manta (kuma wallahi na so). Har gobe in abin ya faɗo mini a rai, ko ina tsakiyar cin abinci ne, sai in ji tuwon ya ƙi wucewa.

Bari in fara da Baba Yohanna. Malamin Turanci ne, mutumin kudancin Kaduna, amma ya fi shekara talatin a ƙasarmu. A Kuyello ya fara koyarwa tun yana saurayi, daga baya aka dawo da shi cikin gari, kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu da aka haifa a cikinta. Shekarata biyu da zuwa makarantar lokacin. Wata rana na shiga ɗakin malamai na same shi shi kaɗai, ya kunna wata tsohuwar rediyo mai cin kaset, wani kiɗa yana fita a hankali.

Na ce, "Baba, ina mawaƙin? Tun ɗazu nake jira ya fara."

Ya ce, "Babu mawaƙi, ɗana. Ja kujera ka ji."

Na ja kujera. Kiɗan Turawa ne na dā, irin wanda makaɗa hamsin ko sittin suke haɗuwa da goge manya da ƙanana, wani mai sanda yana tsaye a gabansu. Gaskiya abin ya shige ni. Baba ya riƙa ara mini faya-fayansa ɗaya bayan ɗaya daga cikin wani akwatin ƙarfe, yana cewa, "Fara da wannan, in ya zauna maka sai ka zo ka karɓi wani." Da na tsaya a nan, da yau ina da mutunci.

Amma ina da waya. A can na gano cewa kiɗa guda ɗaya yana iya samun ɗauka arba'in a faifai, kowace da makaɗanta, kuma akwai mutane a duniya da ba su da aiki sai gardama a kan wacce ta fi. Wannan ya ce ta wane ta yi sauri, wancan ya ce ta wane ba ta da rai. Sai na shiga cikinsu tsundum. Na sayi littafi mai bango baƙi, na ja layuka, ina rubuta waɗanda masana suka ba da shawara, ina ba su maki kamar 'yan ajina. In sabis ya ɗauke a gari, kamar yadda ya saba, sai in yi ta yawo da waya a sama ina neman inda zai kama. In kuwa tafiya ta kai ni Kaduna, sauran fasinjoji suna sauka suna hamdala an ratso dajin nan lafiya, ni kuma ina sauri in sauke wata ɗaukar da aka ce duk wanda bai ji ta ba bai ji komai ba.

Matata Hajara ta gaji. Wata rana ta ce, "Malam, ba wannan ka saka jiya ba?"

Na ce, "Haba! Na jiya Bajamushe ne ya kaɗa, wannan kuma mutumin Rasha ne."

Ta ce, "To Allah ya ba su haƙuri, duk su biyun kamar rufi na yoyo a bokiti."

(Ga abin da ban taɓa faɗa mata ba: in na rufe littafin nan, ni ma ba na iya bambancewa. Duk abin da na rubuta a ciki, wani ne ya faɗa na kwafa.)

Kafin shekara ta zagayo na fara koya wa Baba Yohanna. Mutumin da ya nuna mini ƙofar! Sai in ɗaga faifansa in ce, "Baba, wannan fa ba ya cikin waɗanda ake ba da shawara." Shi dai murmushi yake yi, ya ce, "To, ni dai da shi na saba." Ni kuma in tausaya masa a zuci.

Sai lokacin ritayarsa ya zo. Zai kwashe ya koma gida da matarsa, Mama Saratu, makaranta kuma ta shirya masa walimar bankwana. Saura mako guda ya kira ni gefe, ya ciro wani kaset daga aljihun gaba, an naɗe shi cikin hankici.

Ya ce, "Rediyona ta kusa mutuwa. Kai ka iya abubuwan zamani, ka juye mini wannan a memori. Ina so a saka shi ranar taron."

Na ce, "Ƙaramin aiki ne, Baba."

Ya riƙe hannuna da kaset ɗin a ciki. "Ka kula mini da shi. Guda ɗaya ne."

Ban tambaye shi komai ba. A raina cewa na yi, guda ɗaya a wajenka dai.

Da na je gida na ari rediyon maƙwabci na saka. Fiyano ne, wani sanannen kiɗa mai sanyi wanda nake da ɗaukarsa har bakwai. Amma wannan! Ga shuuu ɗin tsohon kaset, ga zakara yana cara a baya, ga babur ya wuce. Mai kiɗan yana tafiya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Can a tsakiya sai hannu ya zame ya bugi inda ba nan ba, aka tsaya, wata murya ta yi 'yar dariya, sannan aka ci gaba. Ni ma na yi dariya, amma tawa ta mugunta ce. Na mayar da kaset ɗin baya na sake jin kuskuren. Na sake. Na kira Hajara na ce ta zo ta ji yadda ake ɓata kiɗa. Ta saurara, ta ce, "Ni kuwa wannan ya fi mini daɗi, ka ji mutum a ciki." Na ce ai shi ya sa ba a tambayar ta. Na sake mayarwa, karo na biyar ko na shida, sai na ji ƙiiir. Rediyon ta cinye zaren.

Da na ja, sai ya tsinke, wani yanki ya cukurkuɗe kamar taliya. Kun san me na ji a lokacin? Ba tsoro ba. Daɗi na ji. Na ce Allah ne ya kawo dalilin da zan yi wa dattijo alheri. Na jefa kaset ɗin a durowa, na buɗe littafina, na zaɓi ɗaukar da na ba maki mafi yawa, wadda wani gwani ya kaɗa a wani katafaren zaure a Turai, na zuba a memori. Har na shirya abin da zan ce in ya zo yana godiya.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a zauren makaranta. Malamai, ɗalibai, shugaban makaranta, limamin unguwa, fastonsu Baba, da tsofaffin ɗalibansa da suka zo tun daga Gayam da Kuyello a kan babura. Ni ina zaune kusa da lasifika cikin sabuwar shadda, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka yi jawabai, aka ba da kyaututtuka. Sai Baba ya miƙe ya karɓi makirufo.

Ya ce, "Ba ni da dogon zance. Da yawanku kun san 'yata Rifkatu. Wasunku ajinku ɗaya."

Na san ya taɓa rasa 'ya kafin in zo, an ce an tare motarsu a daji a hanyar Kaduna, ba ta dawo ba. Iyakar abin da na sani ke nan, don ban taɓa damuwa in tambaya ba.

Ya ci gaba, "A garin nan aka haife ta, a nan ta koyi fiyano a cocinmu. Shekarar da ta gama sakandare na ɗauki kiɗanta da rediyona. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a nan. Za ku ji ta yi kuskure a tsakiya, ta yi dariya. Wannan dariyar nake so mu ji tare kafin in tafi." Ya juyo gare ni. "Bismillah, ɗana."

Jama'a, akwai lokacin da ya kamata mutum ya miƙe ya ce, ku tsaya, na yi ɓarna. Na ga lokacin ya zo, na kuma ga ya wuce. Hannuna ne ya danna, ban san yadda aka yi ba. Wataƙila na zaci wani abin al'ajabi zai faru.

Kiɗan ya fito tas, kamar ruwan randa. Babu zakara, babu babur. Na ga goshin Baba ya ɗan tattare. Mama Saratu ta sunkuyar da kai ta rufe fuska da gyale, wasu mata suka fara share hawaye. Wani tsohon ɗalibi a bayana ya ce, "Kai, ashe haka ta iya!" Da aka kusa tsakiya Baba ya ɗaga yatsa sama, alamar ga wurin nan tafe. Kowa ya kasa kunne. Gwanina ya wuce wurin sumul, ko gezau. Yatsan Baba ya tsaya a sama, yana jira. Ya jira har kiɗan ya ƙare.

Sannan abin da na manta da shi gaba ɗaya ya biyo baya: tafi. Turawa dubu suka kaure da tafi da sowa a cikin lasifikar makarantarmu, wani ma yana ihu da yarensu. Wasu ɗalibai suka kwashe da dariya, shugaban makaranta ya daka musu tsawa. Ni kuma ina ta danne-danne na kasa kashewa.

Mama Saratu ta ɗago kai ta ce, a hankali, amma kowa ya ji, "Wannan ba 'yata ba ce."

Baba ya sauke hannunsa. Ya ce, "Malam, ina kaset ɗin?" Tun da muka saba bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Da na yi shiru ma da ya fi. Amma bakin da ya shekara yana ba da maki ba ya rufuwa da sauƙi. Na ji kaina ina cewa, a gaban limami da fasto da ɗalibaina, "Baba, wancan ɗin bai fita sosai ba ne, akwai kurakurai, shi ne na sa wanda aka fi ba da shawara."

Wani ya ce, "Innalillahi." Ban san ko waye ba.

Ban tsaya cin shinkafa ba. Na ruga gida na ɗauko kaset ɗin na kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya buɗe shi, ya girgiza kai, ya yanke inda ya cukurkuɗe, ya haɗa bakin biyu da gam. Da muka saka, ga zakara, ga babur, ga hannunta yana tafiya a hankali. Da aka zo tsakiya sai kiɗan ya yi tsalle ya ci gaba. Inda na yi ta mayarwa ina dariya, nan ne zaren ya mutu. Kuskuren ya tafi, dariyar ta tafi tare da shi. Na tsuguna na tsince guntun zaren daga ƙasa, mai gyaran ya ce, "Malam, wannan ko a Kaduna ba mai tashinsa."

Washegari da safe na same su ana ɗora kaya a mota. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da sau nawa na mayar da kaset ɗin da dalilin mayarwar. Mama Saratu ta shige mota ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Baba ya karɓi kaset ɗin da sabon memorin da na juye abin da ya rage, ya sa a aljihu. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Sau shida ka ji ta?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To kai ne na ƙarshe da ya ji. Ka riƙe da kyau."

Da zagina ya yi, da na samu sauƙi. Motar ta tashi ta bi ayarin da zai ratsa daji, ni kuma na koma aji na koyar da darasin da ban san me na faɗa a ciki ba. Har ƙarshen zangon nan, in na juya ina rubutu a allo, sai in ji wani daga bayan aji ya yi tafi sau biyu a hankali. Ban taɓa juyowa na hukunta kowa ba.

Na kira Baba sau uku tun daga lokacin. Yana ɗauka, mu gaisa, ya tambayi Hajara da yara, amma zancen kiɗa bai sake haɗa mu ba. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa, kuma kowace tsohuwa a kasuwar garinmu ta san shi ba tare da ta sayi data ba: in mutum ya ba ka ajiya, ba gyara ya ce ka yi masa ba. Ni sai da na tara ɗauka ɗari da wani abu na manyan gwanayen duniya kafin in gane cewa kunnuwan nan nawa manya ne kawai, ba sa ji.